Faifai Uku da Ƙafar Hagu

Akawu ta dafa bango da hannun dama, ta tura ƙafar hagu cikin takalmi. Dunduniyar ta ƙi shiga. Mijinta da ke tsaye a bakin ƙofa, jakarta rataye a kafaɗarsa, ya yunƙuro zai durƙusa.

"Malam, kar ka taɓa," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lokaci nake duba miki. Ƙarfe goma fa suka ce."

"Na san abin da suka ce. Ai ni na karanta maka takardar."

Ta cije leɓe, ta murza ƙafar hagu da dama har takalmin ya zauna. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta laluba aljihun rigarta ta zaro waya da iyafis, abin sauraron da ake sawa a kunne.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga bayanan shari'a a kotu, har sunan aikin ya danne nata. Alƙalai da masinjoji da mijinta kowa Akawu yake ce mata. Wata biyar da suka wuce, tana tsakiyar buga wani hukunci, ta ga haruffan suna zamewa, ta buɗe baki za ta kira abokiyar aikinta harshe ya ƙi juyawa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Yau kwamitin likitoci zai zauna ya duba ta, ya faɗa wa ma'aikata ko za ta iya komawa aiki ko a yi mata ritaya. Ofishinta yana hawa na biyu, matakala arba'in da biyu daga ƙasa, kuma ginin ba shi da na'urar hawa bene. Wannan lissafin ne ya hana ta sakat tun ranar da takardar ta zo.

"Bari in tsayar da tasi," Malam ya ce da suka fito bakin titi.

"Bas za mu hau. In na koma aiki kai za ka riƙa ɗaukar min tasi kullum?"

Ta toshe kunnuwanta, ta danna waya. Bugun ya fara, dum, dum, dum, babu sauri babu nawa. Ta bari ya zagayo sau huɗu, a na biyar ta jefa ƙafar hagu.

Ba da son ranta ta san wannan kiɗan ba. A sati na uku da kwanciyarta aka fara tura ta sashen gashin ƙashi, hannun wata ma'aikaciya gajera mai faɗin kafaɗa wadda marasa lafiya suke kira Kofur a bayan idonta, daga baya ma har a gabanta. Kofur takan tsayar da ita tsakanin wasu dogayen ƙarafuna biyu, ta koma can ƙarshe tana tafa hannu tana ƙirga: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta tsaya kamar ta aro. In Akawu ta daɗe ba ta ɗaga ba, Kofur ta ja ƙirgen, ta jira ta. Kowa haka yake mata a lokacin. 'Ya'yanta in sun zo dubiya sukan rage murya, su rage sauri, sannu Umma, a hankali Umma. Har mai shara in ya zo gefen gadonta sai ya sassauta tsintsiya.

Wata safiya Kofur ta zo da mura, muryarta ta dushe gaba ɗaya. Ta ajiye wayarta a kan kujera, ta kunna wani abu, ta nuna wa Akawu ƙarafunan da hannu.

"Mene ne wannan kuma? Kashe min hayaniyar nan."

"Mama, ba don daɗi na sa miki ba," Kofur ta ce da ƙyar. "Duk bugu ɗaya, taku ɗaya. Ba ni da muryar yi miki ƙirge yau."

Akawu ta riƙe ƙarfe, ta saurara don dole. Bugu ne kawai da farko, sai wani sauti mai kauri ya shigo ta ƙarƙashinsa yana gurnani, sai wasu 'yan ƙananan sautuka a sama kamar ana ɗiga ruwa a kwanon silba. Can wata mace ta fara rera waƙa da siririyar murya, cikin yaren da Akawu ba ta ji. Ta yi niyyar ɗaga ƙafa, bugun ya wuce ta. Ta sake shiri, ya sake wucewa. Bai jira ta ba, bai kuma ce mata sannu ba. Haushi ya turnuƙe ta, irin haushin da take ji in sabon lauya ya zo yana zuba magana kamar famfo don ya ga ko za ta ce ya maimaita. Ba ta taɓa ce wa lauya ya maimaita ba. Ta ƙirga a ranta, ta tare bugun tun kafin ya iso, ƙafar hagu ta tashi ta sauka a kansa. Taku shida ta yi a ranar kafin ta jingina, gumi yana bin wuyanta.

Kwana biyu bayan nan ita da kanta ta tambaya. "'Yar nan, su wane ne masu kiɗan nan naki?"

Kofur ta nuna mata hoton faifan a waya. Mutum biyu ne a gaban jan bango: wata doguwar mace ta juya wa kyamara ƙeya, da wani namiji da hular sanyi a tsugune gaban tulin na'urori masu maɓallai.

"To ina makaɗan?"

"Babu makaɗa, Mama. Su biyun ne kaɗai. Ita ce take waƙa, shi kuma duk abin da kika ji da na'urorin nan ya haɗa shi."

"Har gangar?"

"Har gangar."

Kofur ta faɗi sunansu sau uku, ya ƙi zama a harshen Akawu. Ta raɗa musu nata: Doguwa da Mai Hula. Kafin a sallame ta Kofur ta zuba mata faifansu uku a waya, mai jan bango, mai shuɗi, da mai fari, ta ce ta bi su a jere, kar ta yi tsallake.

Yanzu ga ta a gefen titi tana bin waƙa ta biyu a jan faifan, ta wuce shagon mai wanki, ta wuce kantin magani, ta kewaye wani rami da aka haƙa ba a rufe ba. Malam yana bayanta da taku biyu, hannunsa a buɗe kamar mai shirin cafe tulu. Da suka iso inda bas yake tsayawa ya duba agogo.

"Minti tara. Jiya goma sha ɗaya ne."

Tsohon malamin lissafi ne, ya yi ritaya shekara huɗu ke nan. Kiɗan janareta yake kiran abin, amma shi ne ya zauna da agogo da biro ya ƙirga bugun kowace waƙa a minti ɗaya, ya jera mata su a takarda daga saba'in da shida zuwa ɗari da ashirin, ya manna a jikin firji.

A bas suka samu kujera biyu a tsakiya. Ta zare iyafis ɗaya don ta ji shi in ya yi magana, ta bar ɗayan.

Jan faifan shi ta fara sani, kuma shi ya fitar da ita daga ɗaki zuwa tsakar gida. Tun tana jin bugun kawai, har kunnenta ya fara tsinto wasu abubuwa. A waƙa ta huɗu akwai ƙarar rufe ƙofa can nesa, ba su goge ba. A ƙarshen ta bakwai Doguwa ta kuskure wata gaɓa ta fashe da dariya, aka ji namijin ma yana dariya daga gefe. Akawu ta gane cewa yara ne a lokacin, a wani ɗan ɗaki suka yi aikin, da kayan da ba su taka kara sun karya ba, kuma suna jin daɗin junansu. Takan maimaita wurin dariyar nan sau biyu sau uku in Malam ba ya kusa.

Shuɗin ya fi sauri, shi ya koya mata hawa matakala. Sautinsa ya cika, ya yi ƙyalli, ko'ina an toshe shi da kiɗa. Sati guda tana taka shi ba ta san abin da ya sa yake gajiyar da ita ba. Sai wata rana tana hutawa a kan matakala ta uku ta ƙofar bayan gidansu, ta ji abin sarai.

"Ka san faɗa suke a shuɗin nan?" ta ce wa Malam yanzu, bas yana rangaji da su a wani shataletale.

"Kin faɗa min. Sau biyar."

"Ba ka yarda ba ne."

"Akawu, yaren ma ba kya ji. Mutanen nan ba ki taɓa ganinsu ba. A ina kika samo shaida?"

"Shekara nawa na yi ina sauraron mutum biyu da suka ɓata suna magana a ɗaki ɗaya? Ba sai na ji kalmomin ba. Duk inda ta ɗaga murya, sai ya ƙaro kiɗa ya danne ta. Ita kuma ta ƙi bin bugunsa, kullum tana ɗan bayansa da gangan. Ko gaisuwa ba na jin suna yi a lokacin."

"Da kin zama alƙali da an ɗaure mutane da yawa."

"Da an saki da yawa dai."

Wata mata da ke gabansu ta waiwayo tana murmushi. Akawu ta mayar da iyafis ɗin, ta nemo farin faifan.

Wannan ba ta cika yi wa Malam maganarsa ba. Ranar da ta fara kunna shi ta ɗauka wayar ce ta lalace, don kiɗan ya ragu ƙwarai, bugu ne da wani dogon sauti mai ɗumi, shi ke nan. Da Doguwa ta shigo kuma sai ta ji muryar ta sauka, ta yi kauri, akwai 'yar tsaga a cikinta. Layin da a da za ta ja shi da numfashi ɗaya, yanzu sai ta yanka shi biyu. Kuma a daidai inda take yankawa, Mai Hula yana ɗauke komai, ya bar bugun kaɗai, har ta ja numfashi ta dawo. Bai rage mata sauri ba ko kaɗan, wuri kawai yake buɗe mata. Akawu ta sa surukarta ta bincika mata a waya ko matar ta yi wata jinya tsakanin faifai na biyu da na uku. Surukar ta duba ta ce ba a rubuta komai ba. Akawu ba ta sake tambaya ba, amma ta san abin da kunnenta ya ji. A ranar, tana zaune a bakin gado, ta saurari farin faifan daga farko har ƙarshe ba ta taka ko'ina ba, shayinta ya huce a gefe.

Kofur tana jiransu a ƙofar sashen, fayil a hammata.

"Mama, kin karya kuwa?"

"Na karya. Ina suke?"

"Suna ciki. Likita uku ne, da wani daga ma'aikatarku. Kar ki yi gaggawa, kin ji? In kin gaji ki tsaya, ba laifi ba ne."

"Yau kuma ke ce da cewa in tsaya?"

Ɗakin dogo ne, an jera tebur a gefe ɗaya. A tsakiya wata dattijuwar likita ce da tabarau mai kauri, ita ce shugabar kwamitin. A ƙarshen teburin jami'in ma'aikata ne, mai kula da sha'anin ma'aikatan kotu, da kwat ɗinsa da biro uku a aljihu. Akawu ta san shi tun yana sabon ɗauka, ita ta nuna masa inda ake ajiye fayil. Ya gaishe ta da ladabi, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Aka sa Malam ya zauna a benci a waje.

Suka auna jininta, suka haska idonta, suka sa ta ɗaga gira, ta bi yatsa da ido, ta faɗi ranar wata. Sannan shugabar ta ce za su fita baranda su ga tafiyarta, daga nan matakala.

Akawu ta zaro iyafis.

"Ranki ya daɗe," jami'in ya ce yana duban shugabar, "ina ganin ya kamata a gwada ta yadda take, ba tare da wani taimako ba."

"Mene ne a ciki, Malama?" shugabar ta tambaya.

"Kiɗa ne, likita. Da shi nake taku."

"In babu shi fa?"

"Ina tafiya, sai dai ƙafar takan yi gardama." Ta dubi jami'in, ta dawo da idonta kan shugabar. "Amma likita, in za a gwada karatun mutum, ana fara cire masa tabarau ne?"

Ɗaya daga cikin likitocin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Shugabar ta taɓa tabaraunta, ta juya ga jami'in.

"Akwai dokar da ta hana ma'aikaci sa abu a kunne a kan matakalar kotu?"

Jami'in ya ce babu.

"To bismillah, Malama."

Ta zaɓi waƙa ta biyar a farin faifan, mai bugu casa'in da shida. Barandar ta yi mata kyau, tayil ne mai laushin taku, babu rami. Ta je ƙarshe ta juyo, ba ta taɓa bango ba. A gindin matakalar ta kama ƙarfen gefe da hannun dama, ta jira bugun ya zagayo. Dama, hagu, dama, hagu. Kofur tana biye da ita, likitocin suna ƙasa sun ɗaga kai. A ta ashirin cinyarta ta fara rawa. A ta ashirin da takwas yatsun ƙafar hagu suka kama bakin matakala, ta yi gaba kamar za ta kifa, ta ji hannun Kofur ya taɓa bayanta ya janye. A kunnenta kiɗan ya ɗauke, saura bugu, Doguwa tana jan numfashi. Akawu ma ta ja nata. Da muryar ta dawo ta ɗaga ƙafar ta ɗora.

Matakalar asibitin talatin da shida ce. Da ta kai sama ta juyo, ta sauko shida, ta sake hawa su.

"Arba'in da biyu," ta ce wa na ƙasa, tana haki. "Tamu ke nan."

Da suka koma ɗakin aka ba ta ruwa. Shugabar tana rubutu tana gyaɗa kai. Akawu ta ji wani sanyi yana sauka a ƙirjinta, har ta fara tunanin wace riga za ta sa ranar Litinin.

"Saura abu ɗaya," jami'in ya ce. Ya buɗe jakarsa ya fito da kwamfuta, ya haɗa mata kibod, ya tura gabanta. "Tunda aikin na bugu ne. Zan karanta sakin layi ɗaya, minti biyu."

Ta dubi kibod ɗin. Hannunta na hagu yana kan cinyarta, a ƙarƙashin mayafi, inda ya saba zama wata biyar. Yana riƙe kofi, yana ɗaura ɗankwali in an lallaɓa shi. Amma tun ranar da ta faɗi ba ta yarda ta ɗora shi a kan haruffa ba. Akwai tsohuwar tafireta a gida a saman kabad. Ta sa Malam ya lulluɓe ta da zane. Sau uku Kofur tana kawo maganar yatsu, sau uku tana ce mata a gama da ƙafa tukuna.

Ta fito da hannun, ta jera yatsun a layin tsakiya. Wurin zamansu dai ba su manta ba.

Jami'in ya fara karatu, a hankali, a hankalin da ya fi zagi ciwo. Hannun dama ya tashi da gudu kamar an kwance shi. Na hagu ya biyo baya yana ja, yatsa biyu suna faɗawa kan harafi ɗaya, ɗan ƙaramin kuwa ko motsi bai yi ba. Ta koma tana gogewa, karatun ya wuce ta. Bakinta ya buɗe zai ce a maimaita, ta rufe shi.

"Ya isa," in ji shugabar.

Aka juyo da kwamfutar kowa ya gani. Layi ɗaya ne da rabi. Harafin "a" yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, kuma babu shi ko ɗaya a shafin. Kalmomin sun tsaya kamar bakin da aka fige wa haƙora. Ita da take buga kalma saba'in a minti, jami'in ya ƙirga ya ce goma sha ɗaya, cikinsu huɗu ne daidai.

"Ranki ya daɗe, kin dai gani," ya ce da ƙaramar murya. "Ba wanda ya kai ni sanin aikinta. Amma shari'a ba za ta tsaya jiran..."

"Likita," Akawu ta katse shi. Ta nuna ƙafar hagu. "Wata huɗu da suka wuce wannan ƙafar ko ɗaga ta ba na yi. Ga shaida nan a tsaye, ku tambaye ta. Hannun nan ban taɓa ba shi aiki ba, tsoro nake ji. Laifina ne, ba nasa ba. Ba a gwada shi ba tukuna balle a yanke masa hukunci."

Shugabar ta dubi Kofur. Kofur ta ce gaskiya ne, taku shida aka fara da shi. Likitocin suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Jami'in ya ce an riga an ƙara mata hutu sau biyu. Shugabar ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Sati takwas," ta ce. "Ki dawo nan, ki buga kalma arba'in a minti ba kuskure. In bai yiwu ba, Malama, ni da kaina zan sa hannu a takardar ritaya. Ba zan ɓoye miki ba, yatsu sun fi ƙafa wuyar dawowa."

"Na gode, likita."

A baranda Malam ya miƙe yana duban fuskarta. Ta ce masa sati takwas, ta ce hannu ne. Ya gyara ratayar jakar, ya ce to.

Kofur ta rako su har bakin ƙofa tana jera mata abin da za ta riƙa yi: matsa ƙwallon roba, tsintar maɓallan riga daga faranti, taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Ta ce ta zo ranar Laraba su fara.

"Laraba ta yi nisa," Akawu ta ce. "'Yar nan, mutanen nan nawa, faifai uku kaɗai suka yi?"

"Akwai na huɗu. Ban sa miki ba ne don ba ya takuwa. Bugun a kakkarye yake, ga sauri, zai kayar da ke a titi."

"Sa min."

"Mama, ni kaina ban cika son shi ba."

"Ke dai sa min."

Suka tsaya a inuwar ƙofa har ya gama shiga wayar. Bangon wannan ruwan ɗorawa ne, kuma a karon farko dukansu biyu suna kallon kyamara. Doguwa ta yanke gashinta. Mai Hula ya yi furfura a gemu.

A hanyar zuwa bas, tsallaken asibitin, akwai wani shago da ake buga takardu da hoto, kwamfuta uku a jere a jikin bango. Akawu ta tsaya a ƙofarsa.

"Rana ta yi, ba ki ci komai ba tun karin safe," Malam ya ce. "Ga tafireta a gida, in mun je in sauko miki da ita."

"Ta gida tana da tauri, sai nan gaba. Ka je ka nemi abin da za ka ci, ka dawo ka same ni."

Mai shagon, wata mata mai goyo, ta share mata kujerar ƙarshe, ta tambaye ta takarda za a buga mata ko da kanta za ta yi.

"Da kaina."

"Minti nawa za ki yi, Mama?"

Akawu ta duba tsawon faifan a wayar. "Arba'in da bakwai."

Ta buɗe farin shafi, ta toshe kunnuwanta, ta danna waƙar farko. Babu dum ɗin da ta saba. Wasu 'yan ƙananan ƙararraki ne suka fara zubowa, ƙas, ƙas-ƙas, ƙas, daga kunnen dama su tsallaka na hagu, wani ya katse wani ya ɗauka, can kuma wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙil. Ta saki baki. Haka ofishinsu yake da safe shekarun da ta fara aiki, tafireta takwas a ɗaki ɗaya, kowace da saurinta. Sai muryar Doguwa ta shigo a samansu, mai kaurin nan, ba ta gaggawa, tsagar tana nan ba ta ɓoye ta ba. Akawu ta yi dariya ita kaɗai har mai shagon ta waiwayo.

Ta saurara har ta gano inda bugun ya ɓuya a ƙarƙashin tarkacen. Ya yi mata sauri nesa ba kusa ba. Ta yanke shawarar ɗaukar bugu ɗaya ta bar uku.

Ta ɗora hannun dama a cinya, ta danne shi da gefen mayafi don kar ya kawo agaji. Ta jera yatsun hagu a layin tsakiya. Bugun ya zo ya wuce, ƙaramin yatsan bai motsa ba. Ya sake zagayowa, yatsan ya yi rawa, na kusa da shi ya faɗa kan wani harafin. Ta goge. A zagaye na biyar ta tare shi tun kafin ya iso, ta tattara duk ƙarfinta a ɗan yatsan nan ta danna.

Harafi ɗaya ya fito a kusurwar shafin. Ta dube shi, ta gyara zama, ta fara ƙirga na gaba.